Kare ya faɗi ba numfashi: me mai shi zai iya yi kafin a kai ga likita?

Wani ɗan'uwa ne ya turo tambaya, yace karen gadinsa ya yanke jiki ya faɗi a tsakar gida da rana tsaka, suka taɓa shi ba motsi ba numfashi, kafin a samo adaidaita a kai shi wurin likitan dabbobi har ya riga ya mutu. Yana so ya sani wai danna ƙirji da hura iska da yake gani ana yiwa mutane, wato CPR, ana yiwa kare ma? In anayi yaya akeyi, kuma babu haɗari mutum ya kai bakinsa kusa da na kare?

Malam sannu da rashi, Allah ya mayar maka da alheri. Amsar a taƙaice eh anayi, kuma aikin ba na likita kaɗai bane, hasali ma mintunan da suka fi muhimmanci a hannunka suke ba a hannunmu mu likitocin dabbobi ba. Idan zuciya ta tsaya jini ya daina zuwa ƙwaƙwalwa, cikin minti 4 zuwa 5 ƙwaƙwalwar ta fara lalacewa, lalacewar da bata gyaruwa. Toh kai ka duba garin da kake, daga ƙofar gidanka zuwa asibitin dabbobi mafi kusa minti nawa ne, ga neman abin hawa ga gosulo. Shi yasa karnuka da yawa da ake kawo mana a wannan halin gawa ake kawowa, ba don masu su basu yi ƙoƙari ba, sai don ƙoƙarin duk ya tafi a neman mota maimakon a durƙusa a fara danna ƙirji tun a inda ya faɗi.

Abinda zan faɗa maka ba ƙirƙira ta bace. Akwai wani gungun ƙwararrun likitocin dabbobi masu aikin gaggawa da ake kira RECOVER, sun fitar da ƙa'idojin ceto karnuka da kuliyoyi a 2012, suka sabunta su a 2024, dasu muke aiki. Zan dai ƙara da abinda ya shafi yanayinmu nan, musamman maganar haukan kare da guba, domin wannan ɓangaren in mutum ya jahilce shi garin ceton kare sai ya jefa kansa a halaka.

Abu na farko ka tabbatar da gaske tsayawar zuciya ce, kuma wannan binciken kada ya wuce daƙiƙa 10 zuwa 15. Ka kira sunansa da ƙarfi, ka girgiza shi ta baya ko ta cinya, kada ka fara da kai hannu wajen kansa saboda karen da yake cikin ciwo ko ruɗewa yana cizon ko ubangidansa ne. Sannan ka zuba ido akan ƙirjinsa, yana ɗagawa yana sauka? In bai motsa ba kuma ƙirjin shiru, shikenan ka fara. Kada ka tsaya lalubar bugun jijiya a matsematsinsa, ko mu da muka saba a cikin tashin hankali yatsa yana yaudararmu, wani lokacin bugun naka yatsan kake ji ka ɗauka nasa ne. Akwai kuma abinda yake ruɗa mutane sosai, zaka ga kare a kwance sumamme sai can ya wage baki ya ja wata iska kamar shaƙuwa, yayi shiru na ɗan lokaci ya sake, sai ace ai da sauran numfashi a bar shi ya huta. Wannan kakari ne ba numfashi ba, alama ce ma ta cewa zuciyar bata daɗe da tsayawa ba, lokacin da yafi dacewa a fara kenan. Idan kuma kana shakka, ka fara kawai. In suma ce yayi ko farfaɗiya ce ta sake shi, kana fara dannawa zai motsa ko yayi ƙara sai ka daina, illar da zaka masa kaɗan ce in aka kwatanta da ka tsaya kallo alhali zuciyarsa a tsaye take.

Amma kafin ka taɓa shi ka duba abinda ya kayar dashi. In wayar lantarki ce ya tauna ko ya taka, a kashe wuta daga mita ko a kashe janareta tukunna. In a titi mota ta buge shi a janye shi gefe. In maciji ne ka tabbatar baya nan kusa.

Yanzu dannawar. Kwantar dashi ta gefe a ƙasa mai tauri, siminti ko dandaɓe, banda katifa banda kujerar mota mai laushi, saboda duk ƙarfin da ka saka katifar ce zata shanye. Gefen dama ko hagu duk ɗaya ne, kada ka ɓata lokaci kana juya shi. Kai kuma ka durƙusa ta bayansa, gadon bayansa yana jikin gwiwoyinka, ƙafafunsa suna kallon waje. Ka ɗora gindin tafin hannu ɗaya akan ƙirjin, ka ɗora ɗayan a kansa ka sarƙe yatsu, ka miƙe hannayenka sambal ba lanƙwasa a gwiwar hannu, kafaɗunka su zama daidai saman hannayen. Daga ƙugu zaka dinga lanƙwasawa nauyin jikinka ya dinga sauka, in da ƙarfin damtse kake yi ko minti ɗaya bazaka kai ba zaka gaji.

Inda ake ɗora hannun ya danganta da ƙirar ƙirjin karen, kuma anan ne nake so masu karnukan gida da na farauta su saurara da kyau, don bidiyoyin da ake gani a intanet yawanci da karnukan turawa masu ƙiba ake nunawa. Karnukanmu na Hausa, irin dogayen nan masu siririn ciki da 'yan farauta ke fita dasu, da irin na Azawak da ake samu a Nijar da Mali, ƙirjinsu mai zurfi ne amma siriri. Irin wannan kai tsaye akan zuciya ake dannawa. Yadda zaka gane wurin, ka kama ƙafarsa ta gaba wadda take sama ka ja ta baya kaɗan, inda gwiwar ƙafar ta taɓa haƙarƙari, nan zuciya take, can ƙasa-ƙasa kusa da hammata. Shi kuwa babban kare mai zagayayyen ƙirji irin Rotwaila ko Labrado, haƙarƙarinsa yafi ƙarfin ka matse zuciyar ta cikinsu, don haka sai ka shafa ka nemi inda ƙirjin yafi tudu yafi faɗi ka danna nan, matsin da ƙirjin gaba ɗaya yake samu shi zai tura jinin. Masu faffaɗan ƙirji kamar Buldog, waɗanda in ka kwantar dasu rigingine suke zama daram, su a rigingine ake musu, hannu akan ƙashin tsakiyar ƙirji. Ɗan kwikwiyo ko ƙaramin kare da bai kai kilo 7 ba hannu ɗaya ya isa, ka zagaye ƙirjin ta ƙasa, babban yatsa a gefe ɗaya sauran yatsun a ɗaya gefen daidai zuciya, ka dinga matsawa, hannu biyu da nauyin jiki yayi masa yawa.

Zurfin dannawa kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin kaurin ƙirjin ne in a gefe yake kwance, in a rigingine ne kashi ɗaya cikin huɗu. Ka tsaya kayi tunanin wannan, rabin kaurin ƙirji fa. Kusan duk wanda na koyawa a karon farko shafa ce yake yi ba dannawa ba, tausayi yake hana shi, yana tsoron kada ya karya masa ƙashi. Haƙarƙari yana iya tsagewa, gaskiya ne, kuma yana warkewa, amma dannawar da bata kai ciki ba bata tura jini ko'ina. Sauri kuma sau 100 zuwa 120 a minti, wato kusan sau biyu a kowace daƙiƙa, ka dinga ƙirgawa da ƙarfi a fili don kada ka ruɗe. Sannan duk dannawa ɗaya ka saki ƙirjin ya dawo yadda yake gaba ɗaya kafin ka sake, hannunka yana jiki amma ba nauyi, domin a wannan sakin ne jini yake komawa ya cika zuciyar, in ka kwanta akansa ka jingina zuciya wofi kake matsawa.

Kuma dan Allah kada ka dinga tsayawa kana dubawa ko ya farfaɗo. Ka san famfon tuƙa-tuƙa, sai ka jima kana bugawa kafin ruwa ya hau, kana saki kuma ya koma ƙasa sai ka faro daga farko. Haka matsin jini yake a wannan aikin, yana ɗaukar kusan minti guda ana dannawa ba tsayawa kafin ya kai yadda zai shayar da ita kanta zuciyar, kana ɗaga hannu ya zube. Ko wanda ya iya sosai abinda yake turawa bai wuce kashi 30 cikin 100 na abinda lafiyayyar zuciya take turawa ba, kaga babu rarar da za'a yi wasa da ita. Minti 2 cur ake yi, sannan a ɗan dakata na daƙiƙu kaɗan a duba ko ya motsa ko numfashi ya dawo, in da mutum na biyu a nan ne zaku canja hannu ko da kana jin baka gaji ba, don gajiyar tana rage zurfin dannawa tun kafin mai yi ya lura.

Sai maganar hura iska. Ƙa'idar ita ce dannawa 30 sai hurawa 2, a koma dannawa nan take. Zaka buɗe bakin ka leƙa da sauri, in akwai ƙashi ko leda ko amai da kake gani da idonka ka cire, ka jawo harshen gaba, ka rufe bakin ruf da hannu ɗaya, ka miƙar da wuyan kan ya zama a layi ɗaya da gadon baya, kada ka ɗaga kan sama ka ajiye a cinyarka don hakan yana lanƙwasa maƙogwaro, kai ne zaka sunkuya ka same shi a ƙasa. Ka rufe ƙofofin hancin biyu da bakinka ka hura kamar na daƙiƙa ɗaya kana kallon ƙirjin da gefen ido, in ya ɗaga iska ta shiga. In bai ɗaga ba, toh ko dai wuyan bai miƙe ba, ko iska tana zurarewa ta gefen leɓe, ko wani abu ya toshe.

Toh amma nan ne zan ja maka birki, saboda tambayarka ta ƙarshe ita tafi komai nauyi a ƙasarmu. Ciwon haukan kare yana nan a Najeriya da Nijar bai tafi ko'ina ba, ƙwayar cutar a cikin yawu take, kuma da zarar alamu sun bayyana a jikin mutum kusan babu mai tsira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 59,000 ke mutuwa da ita duk shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan duka daga kare suka samu. Ba sai da cizo ba, yawun in ya taɓa leɓe ko ido ko wani ɗan ƙurji a hannu ya isa. Abinda mutane basu sani ba kuma, ba duk mahaukacin kare ne yake bin jama'a da cizo ba, akwai nau'in da kare zai yi laushi, muƙamuƙinsa na ƙasa ya saki, baki a buɗe yawu yana dalala, ya kasa haɗiya, muryarsa ta canja, sai mai shi ya rantse ƙashi ne ya maƙale masa ya zura hannu har maƙogwaro yana lalube. Wallahi wannan yana daga cikin abubuwan da suka fi tsorata ni a aikin nan. Saboda haka karen da baka sani ba, ko naka ne amma ba'a masa allurar rigakafi ba, ko ya kwana biyu yana wani irin hali, ko wani kare ya taɓa cizonsa a 'yan watannin nan, kada ka kai bakinka, kada ka sa hannu a bakinsa. In haukan ne ma babu dannawar da zata cece shi, a killace gawar a kira ma'aikatan dabbobi. Wanda kuma yawun ya riga ya taɓa shi ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 ya tafi asibiti a ranar a fara masa allura, kada ya jira yaga alama.

Haka ma in guba ake zargi. Karnukanmu da yawa fiya-fiya ce ko maganin feshin gona ko shinkafar ɓera ke kashe su, wani an saka musu da gangan wani kuma mai karen ne ya masa wankan kaska da magani mai ƙarfi. Zaka ga kumfa a baki, jiki yana karkarwa, zawo, ƙwayar ido ta tsuke, ga warin maganin. Wasu magungunan ɓera da ƙwayar da ake jefawa a buhun wake ma iska mai guba suke fitarwa daga cikin karen, mutum yana shaƙa ta kama shi. A irin wannan ka sa safar hannu ko ka ɗaura leda, a fito dashi fili inda iska ke kaɗawa, ka yi dannawa zalla ba hurawa, kuma a ɗauko kwalbar ko takardar maganin a taho da ita don ita zata gaya mana maganin da zamu ba shi. Dannawa kaɗai tafi a zauna ba'a yi komai ba nesa ba kusa ba, su kansu masu ƙa'idar sun ce in akwai haɗari ga mai ceto ya tsaya akan dannawa. Wanda kuma ƙyanƙyami ne ya hana shi ko yana da damuwa ta fuskar tsarki, ni ba malami bane bazan ba shi fatawa ba, abinda zance kawai kada wannan ya hana shi danna ƙirjin, hannu kawai yake buƙata.

Akwai wata al'ada da nake roƙo a bari, ɗura wa karen da ya suma manja ko madara ko ruwan gishiri. An taɓa kawo min wani jan kare na farauta a bayan a-kori-kura, an ce guba yaci, gashin wuyansa duk ya yi jajur ya manne da mai. Da na buɗe bakin na zura bututun numfashi, abinda ya fara biyo bututun manja ne da kumfa, daga huhu yake fitowa, duk matsa jakar iskar da nayi sai naji ƙirjin yana ƙugi. Mai shi yana tsaye a gefe da galan ɗin a hannu, don ƙauna ya yi, abinda ya gada kenan. Dabbar da bata cikin hayyacinta bata haɗiya, duk abinda ka zuba hanyar iska yake bi. Haka sheƙa masa bokitin ruwa a fuska, ko ɗaga shi ta ƙafafun baya ana lilo dashi, ko sayo allura a kemis a caka masa a ƙirji, duk cinye mintunan ne kawai.

Yayin da kake dannawa wani ya kira likita a waya, wani ya nemo mota. In an samu a shimfiɗa shi a ƙasan motar ko a bayan a-kori-kura inda zaka iya durƙusawa ka cigaba har a isa, akan babur dai babu yadda za'a yi. Kiran wayar yana da amfani don mu shirya kafin ku iso. Mu abinda zamu ƙara shine bututu a maƙogwaro da iskar oksijin, numfashi 10 a minti ba tare da an tsayar da dannawa ba, allurar adirenalin ta jijiya duk bayan minti 3 zuwa 5, maganin da zai karya gubar in an san ta, ƙarin ruwa in jini ya zuba. Na'urar da take bugun zuciya da lantarki kuwa ba kowane asibitin dabbobi ke da ita ba, manyan asibitocin koyarwa irin na jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri sun fi ƙananan wurare kayan aiki, amma su ma sai karen ya iso da sauran rai a ƙwaƙwalwarsa.

Bazan ɓoye maka ba Malam, yawancin karnukan da zuciyarsu ta tsaya basa dawowa. Binciken da aka yi a asibitocin ƙasashen waje masu cikakkun kayan aiki ya nuna kamar 6 zuwa 7 cikin 100 ne suke komawa gida da rai. Waɗanda suka fi samun sa'a sune waɗanda abin ya same su ana tsakiyar tiyata saboda maganin barci, don an gani nan take kuma dalilin mai gyaruwa ne. A gida ma haka lissafin yake, lafiyayyen kare da ƙashi ya shaƙe, ko ya faɗa rijiya ko kududdufi aka ciro shi da wuri, ko lantarki ya ja shi, yana da dama ta gaske, kuma su waɗanda ruwa ko shaƙewa ta kayar hura iskar tana da muhimmanci sosai a wurinsu tunda rashin iska ne asalin matsalar. Amma tsohon kare da ya daɗe yana jinya, ko wanda mota ta fasa masa ciki jini ya tsiyaye a ciki, da wuya. Naka da ya faɗi da rana tsaka, in lokacin zafi ne kuma a ɗaure yake ba inuwa, zafin rana nake fara zargi, kare baya gumi kamar mu da haki yake sanyaya jikinsa, zafin jikinsa na lafiya digiri 38 zuwa 39 ne, in ya haura 41 kayan ciki suke fara lalacewa, kuma kafin ya kai ga faɗuwa ɓarnar ta riga tayi nisa. Don haka kada ka ɗorawa kanka cewa kai ka kashe shi da rashin sani. In an tarar da irin wannan da sauran numfashi, a kai shi inuwa a dinga kwara masa ruwan randa a jiki ana masa fifita, kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen bargo, a tafi asibiti ana cikin yi.

Yaushe ake haƙura? A ganina in ka kai wajen minti 20 kana yi yadda ya kamata, ba motsi ba numfashi, dasashinsa fari fat ko ya koma ruwan toka, kuma babu likita a kusa, ka tsaya, kayi iya yinka. In kuwa tun farko ka same shi jiki ya sandare yayi sanyi, babu amfanin farawa.

In Allah ya sa ya dawo, ya fara numfashi da kansa ko ya motsa, ka daina dannawa, ka bar shi a kwance ta gefe wuya a miƙe, ka janye fuskarka daga bakinsa don a ruɗe zai farka, kada a ɗaure masa baki, kada a ba shi ruwa ko abinci. Kuma lallai a kai shi asibiti ko da ya miƙe yana kaɗa jela, da yawa daga cikinsu zuciyar tana sake tsayawa cikin 'yan awanni saboda abinda ya jawo ta tsaya tun farko yana nan ba'a magance shi ba, hannunka ya zauna akan ƙirjinsa kana jin bugun zuciyar duk tsawon hanya.

In zaka sake ajiye wani karen, ka masa allurar haukan kare yana wata 3 sannan duk shekara, cibiyar binciken dabbobi ta Vom da ke Filato tana sarrafa allurar kuma ana samu a asibitocin dabbobi na gwamnati, ka adana katin, shine zai baka natsuwar kai bakinka hancinsa ranar da buƙata ta taso. Wata rana yana kwance lafiyarsa lau ka ja ƙafarsa ta gaba baya ka ɗora tafin hannu ka ji inda zuciyar take bugawa, ji kawai banda dannawa, lafiyayyen kare ba'a gwaji akansa. Gwajin sauri da zurfi ka yi shi akan buhun dusa ko matashi mai tauri kana kallon agogo, ka koyawa maigadi da manyan yaran gidan don sau da yawa su ne a gida in abin ya faru, sannan lambar likitan dabbobi ta zauna a wayar kowa.